Akwatin Matafiya: Saye, Kallo da Ci a Tsibirin Zanzibar

Tun da na ambaci tafiyata ta uku zuwa Zanzibar a fitowar da ta gabata wasiƙu suke ta shigowa, kuma kusan dukkansu a kan abu uku suke: me zan saya, me zan kalla, me zan ci. Na tsinci shida, na rage wa wasu tsawo. Ga wanda bai san wurin ba, Zanzibar tarin tsibirai ne a tekun Indiya. Ɓangaren Tanzaniya ne tun haɗewar 1964, amma yana da gwamnatinsa da shugabansa. Babban tsibirin, wanda baƙi ke nufi in sun ce Zanzibar, sunansa Unguja, ƙaninsa Pemba kuma yana daga arewa. Daga Darussalam jirgin ruwa mai gudu yakan kai mutum cikin kimanin awa biyu.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni amarya ce, angona ya shirya mana kwana biyar a Zanzibar bayan biki. Tun ban tafi ba an cika ni da saƙo. Gwaggo tana son kayan ƙamshi, ƙannena suna son zannuwa. Uwar mijina kuwa ba ta ce komai ba, shirun nan nata shi ya fi tayar mini da hankali. Ina zan nufa?

Amsa: Allah ya sanya alheri ƙanwata, ya ba da zaman lafiya. Ki ware safiya guda cur don wannan aikin, ki sa takalmi maras tsini, don ƙafa ce za ta yi aiki. Tsohon garin, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma ke ce wa Stone Town, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga mafi yawansu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 2000. Shagunan tsaraba suna jere a titin Kenyatta da lungun Gizenga, kuma nan kowane baƙo ke fara faɗawa. Ki shiga, ki ba idonki abinci, amma kada ki sayi kayan ƙamshi a can. 'Yan ƙullin nan masu kyan gani da aka jera cikin kwando, kuɗin adon kike biya, kuma ba ki san watannin da suka yi a rana ba.

Kasuwar Darajani za ki. Tana bakin tsohon garin, an gina ta a 1904, kuma har gobe can matan garin ke cefane. In kika shiga ta ɓangaren kifi ƙarni zai mare ki, ki daure ki wuce, ko da yake ni nakan tsaya in kalli gwanjon kifin, yadda ake jawo wani ƙato da ya kusa kai tsawon mutum a shimfiɗe shi a ƙasa ana ta ɗaga murya. Rumfunan kayan ƙamshi suna can gaba. Ki lura da rumfar da matan garin ke tsayawa, ki bi sahunsu.

Kanumfari shi ne sarkin kayan wurin, su suna ce masa karafuu. Sayyid Sa'id, sarkin Oman da ya mayar da fadarsa Zanzibar a wajen 1840, shi ya matsa aka cika tsibiran da gonakinsa, kuma da gumin bayi aka yi wannan arzikin. A yau mafi yawansa daga Pemba yake fitowa. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki danna mata farce. Mai kyau zai yi ɗan maiƙo, ƙamshi ya kama miki yatsa, kuma za ki ga kan nan nasa mai kama da hula bai faɗi ba. Wanda aka riga aka tatse wa mai ba shi da nauyi, in kika jefa shi a ruwa kwanciya zai yi a sama. Kirfa, masoro, gyaɗar ƙamshi da iliki, wato 'yan koren ƙwayoyin nan da ake jefawa a shayi, duk ki saye su ɗungurungum, ki niƙa da kanki in kin dawo. Garin da aka riga aka niƙa, Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa a ciki. Banila kuma ki naɗe sandarta a yatsa. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, tana da rai.

Abu ɗaya kada ki taɓa: za'afaran. A tafiyata ta farko wani mai shago a wani lungu ya nuna mini jan ƙulli cike da tafin hannu, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Na yi ta murna na yi tsintuwa, har biyar na kwasa. Da na dawo na jiƙa shi, ruwan ya yi ja wur nan take kamar an zuba rini, ƙamshi kuwa babu ko na magani. Za'afaran na gaske a hankali yake sakin launi, ruwan ɗorawa yake ba da, kuma ba a noma shi a tsibirin kwata-kwata. Araha ba ta ado, ni na gani a tukunyata.

Zannuwan da ƙannenki ke so su ne kanga, kuma shagunansu suna nan kewayen Darajani. Bibbiyu ake sayar da su a haɗe, sai an je gida a raba a kalmashe baki. Kowanne yana da ado a gefe, da ado a tsakiya, da layin rubutu a ƙasa cikin Swahili. To wannan rubutun shi ne wurin hattara, don da shi matan wurin ke gaisawa, da shi kuma suke habaici. Na taɓa ɗauko wani shuɗi mai kyau zan kai wa matar yayana, sai mai shagon ta tambaye ni ko muna rigima ne. Na ce lafiya lau muke. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta fassara mini: Pilipili usiyoila yakuwashia nini, wato barkonon da ba ki ci ba, yaya aka yi yake miki yaji? Da na kai wannan zanin gidan yayana, da har yau ana sasanta mu. Saboda haka kowane zani kika ɗaga, ki sa a karanta miki, kuma ki tambayi mutum biyu. Ga uwar mijinki ki ce a nuna miki masu addu'a da neman albarkar iyaye, suna da yawa. Ki haɗa mata da udi, turaren wutar da matan wurin ke haɗawa, da halua, alewar wurin, mai ɗumi in ranar tafiyarku ce. Ke kuma ki tambayi kisutu, kangar amare mai ja da baƙi da fari, ki saya wa kanki. Ki dai sani da yawan kanga a Indiya ake buga su, wasu a masaƙun Tanzaniya, kuma a bakin zanin ake rubuta inda ya fito.

Tambaya: Hajiya, ni ciniki ba ya ba ni tsoro, amma ban iya Swahili ba, Turancina kuma na kasuwa ne. Da wane kuɗi zan tafi, kuma yaya ake tayi a can?

Amsa: Malam, ka fi ƙarfin rabin matsalar ba ka sani ba, don lissafin Swahili da namu rijiya ɗaya suka sha, wato Larabci. Saurara: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini. Ka ji baƙon abu a ciki? Ɗari ita ce mia, dubu kuma elfu. In ka haddace ɗaya zuwa goma a cikin jirgi, ka gama. Sauran kalmomin ba su da yawa. Bei gani, nawa ne. Ghali sana, ya yi tsada. Punguza kidogo, rage kaɗan. Naangalia tu, kallo kawai nake. Amma kafin duk wannan ka yi sallama, za a amsa maka yadda ka saba ji. In dattijo ne mai shagon ka ce shikamoo, zai ce marahaba, kuma za ka ga fuskarsa ta saki. Baƙon da ya faɗo shago ya nuna kaya da yatsa ba gaisuwa, farashinsa daban ne.

Kuɗin ƙasar shilin Tanzaniya ne, takarda mafi girma ita ce ta 10,000, don haka aljihu yakan cika da takardu ba tare da mutum ya yi arziki ba. Tun 2025 doka ta ce cinikin cikin ƙasa da shilin za a yi shi, saboda haka in ka je da dala ka canza a wurin canji mai lasisi, kuma ka tafi da sababbin takardu masu tsabta, tsofaffin bugu akan ƙi karɓa. Na'urorin cirar kuɗi sun fi yawa a cikin gari. In za ka ƙauyukan bakin teku ka ciri abin da zai ishe ka tun daga can. Manyan shaguna suna karɓar kati, wasu da ɗan ƙari a kai. Ka riƙe ƙananan takardu, don rashin canji ya sha cinye ragin da mutum ya yi gumi ya samu.

A shagunan tsaraba farashin farko na gwaji ne, kana iya tayawa rabi ko ƙasa da haka, ku haɗu a tsakiya. A rumfar tumatir da wurin mai shayi ba a wannan, kuma shagon da ya manna farashi a jikin kaya ya gama magana. In ka taya aka sallama, ka saya. Tayi don wasa abin kunya ne a can ma.

Sai 'yan rakiya. Tun daga tashar jirgin ruwa za su tare ka, kowa ɗan'uwanka ne, kowa ya san shagon da ya fi araha. Mutanen garin suna ce musu papasi, wato kaska, ka ga ba sai na yi bayani ba. Duk shagon da ɗayansu ya kai ka, la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. Hapana, asante, a'a na gode, da murmushi, kana tafiya ba ka tsaya ba. In kana son mai zagayawa da kai, akwai masu lasisi da katin shaida a wuya, ku yi jinga tun kafin ku ɗaga ƙafa.

Wani abu da ya taɓa kayar da ni shi ne agogonsu. Lissafin awa a Swahili daga fitowar rana yake farawa, ƙarfe bakwai na safe ita ce saa moja, awa ta ɗaya. Wani tela ya ce in zo in karɓi ɗinkina saa nne, ni kuwa na ji huɗu, na tafi bayan la'asar na tarar da ƙofa a garƙame. Ashe ƙarfe goma na safe yake nufi, ya jira ni har ya gaji. In aka ba ka lokaci, ka nuna a fuskar agogo ku tabbatar.

Tambaya: Anti, ni ɗalibin zane ne, kuma abin da zai kai ni ke nan. Wani abokina da ya je ya ce duk shagunan zane iri ɗaya suke sayarwa, raƙumin dawa da Masai da faɗuwar rana. Da gaske babu abin gani?

Amsa: Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, ƙanena. In ka bi Gizenga daga farko zuwa ƙarshe za ka ga dogayen Masai ɗin nan masu jan mayafi sau ɗari, alhali Masai mutanen can cikin ƙasa ne, arewacin Tanzaniya da Kenya, ba su da tushe a tsibirin. Haka raƙumin dawa da zaki, ko ɗaya babu a Unguja. Abin da baƙi ke saya shi ake zanawa, masu zanen ma abinci suke nema, ban ga laifinsu ba.

Amma ko a cikin waɗannan akwai abin koyo. Zanen dabbobin nan masu ƙyalli da manyan idanu, da tsuntsaye masu ɗigo-ɗigo, sunansa Tingatinga, daga sunan Edward Saidi Tingatinga wanda ya fara shi a Darussalam a 1968. Ba shi da kuɗin kayan zane, sai ya yi amfani da fentin keke a kan falankin silin. Shekara huɗu kacal ya yi yana aikin, a 1972 harsashin 'yan sanda ya same shi bisa kuskure ya rasu, almajiransa suka ci gaba har abin ya zama makaranta guda. Fentin mai ne, sai shafi ɗaya ya bushe ake ɗora na biyu, shi ya sa mai kyau yake cin kwanaki. Ka matsa kusa ka duba bakin layukan. Na mai haƙuri za ka ga layi ya tafi sumul, launi bai tsallaka cikin ɗan'uwansa ba. Na gaggawa kuwa duk ya caɓe. Akwai kuma salon George Lilanga, ɗan ƙabilar Makonde da ya rasu a 2005, mai zana aljanu masu manyan kunnuwa da baki a wangale. Aikinsa ya shiga manyan gidajen zane na duniya, don haka in wani ya nuna maka zane a lungu ya ce na hannun Lilanga ne a kuɗin abincin rana, ka yi masa murmushi ka wuce.

Tambayar da nake yi a kowane shago ɗaya ce: wa ya zana, kuma yana ina? In mai shagon ya daga labule ya nuna maka wani yaro a tsugune da buroshi, hannunsa duk fenti, ka zauna. A Ngome Kongwe, tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal, akwai masu zane da ke aiki a gaban jama'a. Na taɓa shafe awa guda a can ina kallon wani yana zana jirgin iska irin nasu, jahazi, ba hoto a gabansa, daga ka kawai, yana gaya mini sunan kowace igiya. Nasa na saya, yana nan a falona. A unguwar Hurumzi kuma na tarar da mata masu lalle da suka ɗauke zanen ƙunshi daga tafin hannu suka mayar da shi kan ƙyalle. Wannan kam ɗan gida ne, ba a kwaso shi daga ko'ina ba, kuma shi na fi so ka gani.

Kada ka wuce Capital Art Studio a titin Kenyatta, shagon hoto da Ranchhod Oza ya buɗe a 1930. Bangonsa cike yake da hotuna baƙi da fari na sarakuna, da tashar jiragen ruwa, da titunan garin na shekarun baya, kuma ana sayar da kwafinsu.

Babban gidan zanen garin dai a waje yake, kyauta: ƙofofi. Ka fita da sassafe da littafinka kafin a buɗe shaguna a rufe su da kaya. Masu kusurwa huɗu da rubutun Larabci a goshi salon Larabawa ne. Masu baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiya ne, inda aka ce ana sa ƙusoshin don hana giwa tunkuɗe ƙofa, a nan kuwa ado ne da nuna arziki. Ka duba sarƙa, da furen ruwa, da kifi, da igiyar ruwa da aka sassaƙa a jikin gimshiƙan. Masassaƙa suna nan har yanzu suna yin ƙananan firam da akwatuna a wannan salon. Tsohuwar ƙofa kuwa kayan tarihi ce, ko an yi maka tayi kada ka shiga. Beit al-Ajaib, gidan da Barghash, sarkin Zanzibar, ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, kuma zuwana na ƙarshe a rufe na same shi ana gyara.

In ka sayi zane, ka sa a cire shi daga katako a naɗe, fuskar fentin tana waje, a zura cikin bututun kwali. Ka shinshina tukuna. In yana warin ɗanyen fenti, zai manne kafin ka iso gida.

Tambaya: 'Yata, 'ya'yana ne suka matsa sai na je na huta. Damuwata abinci. Shin zan samu halal? Kuma na ji suna cin wasu halittun ruwa masu ban tsoro.

Amsa: Baba, ka kwantar da hankalinka. Mutanen Zanzibar, da ƙidayar 2022 ta ce sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi ne, mafi yawa mabiya mazhabar Shafi'i. A tsohon garin duk inda ka tsaya za ka ji kiran salla daga masallaci fiye da ɗaya. Naman kasuwa da na gidajen abincin 'yan gari yankan Musulmi ne.

Inda za ka buɗe ido shi ne manyan otal na bakin teku, irin na Nungwi da Kendwa da Paje, waɗanda aka tsara don Turawa. A can ana sayar da giya, wasu suna ajiye naman alade a teburin karin kumallo, kuma wani girkin Turawa da giya ake haɗa miyarsa. Ka riƙe kalma biyu: nguruwe alade, pombe giya. Ma'aikatan galibi 'ya'yan Musulmi ne, in ka tambaya za su gaya maka gaskiya, wani ma tun ba ka tambaya ba zai ɗan girgiza maka kai.

Halittar da aka ba ka labari ita ce pweza, mai hannuwa takwas. Mata ke farautarta a cikin duwatsu in teku ya janye, a doke ta sosai ta yi laushi, a dafa da madarar kwakwa. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma Malikawa da Shafi'awa duk suna ci. Saura batun zuciya, in ba ta karɓa ba babu dole. Ga pilau da biriani, shinkafarsu mai kayan ƙamshi, ga gasasshen kifi, ga shinkafa da madarar kwakwa, ba za ka kwana da yunwa ba. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, gidajen abincin gari rufewa suke da rana, kuma ba a ci a kan titi. A nan kai ba baƙo ba ne. Ka dai nemi inda ake buɗa-baki ka ɗanɗani kunun da suke kira uji.

Tambaya: Anti, da yara uku za mu je. Kowa sai maganar kasuwar dare ta Forodhani yake, ni kuma tsoron ɓacin ciki nake ji. Mu je ko mu haƙura?

Amsa: Ku je, 'yar'uwa, yaran ba za su yafe miki ba in kika hana su. Forodhani lambu ne a bakin teku, gaban tsohuwar ganuwa. Ku isa kafin magariba ku kalli samarin garin suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, wani da juyi biyu a sama. Rana na faɗuwa masu fararen huluna za su jera tebura su kunna fitilu. Ki riƙe hannun ƙaramin, wurin yana cika, ga kyanwoyi ko'ina suna jiran rabonsu.

Dokata a wurin ɗaya ce: abin da aka fara daga ɗanye a gaban idona shi nake ci. Teburan nan da aka tula wa jatan lande da ƙaguwa da kifi a tsinke sun fi komai ɗaukar ido, amma yawanci an riga an dafa su, ɗumamawa kawai ake a kan wuta, kuma ba ki da hanyar sanin tun yaushe suke nan. Da yara, ki wuce su. Ki nufi mai abin da suke kira pizar Zanzibar. Zai murza ƙullin fulawa ya yi siriri kamar takarda, ya zuba niƙaƙƙen nama da albasa, ya fasa ƙwai, ya naɗe, ya soya a kan faranti mai zafi kina tsaye. Akwai ta ayaba da cakulan, wadda yaranki za su nace wa. Sai urojo, romo mai kauri ruwan ɗorawa mai ɗan tsami, da dankali da ƙosai da ɓarzajjen soyayyen rogo a ciki. Inda 'yan gari suka yi layi nan ne mai kyau. Ruwan rake kuma a gabanki ake matse shi da citta da lemun tsami. Ki ce kada a sa ƙanƙara. Kowane abu ki tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta, ki biya nan take, kada a tara lissafi sai ƙarshe.

Abincin kirki dai da rana ake cinsa. Lukmaan a unguwar Mkunazini, kusa da wata tsohuwar kuka, nan nake zuwa. Abincin yana jere a bayan gilashi, nunawa kawai za ki yi. Ku je da azahar, lokacin tukwane suna sauka. Daga nan taku kaɗan ne zuwa majami'ar Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. In manyan yaran sun kai su fahimta, ki shiga da su. Da safe kuma ku bi ta Jaws Corner, wata 'yar mahaɗa inda dattawa ke zama a dakali suna shan baƙin gahawa a ƙananan kofuna da alewar gyaɗa da suke kira kashata. Zaman maza ne galibi, amma ba a korar baƙuwa. Ni a tsaye na sha nawa. Ki sa yaran su ɗanɗani shokishoki, jan ɗan itace mai gashi-gashi, in lokacinsa ne, da ruwan ɗanyar kwakwa.

Za a ce miki sai kin je The Rock, gidan abincin da ke kan dutse a cikin teku a Michamvi, wanda ake takawa da ƙafa in ruwa ya janye, a shiga kwalekwale in ya cika. Wurin yana da kyau, babu musu, sai an kama wuri tun da wuri, kuma kallon ake biya. Da yara uku, ni da zan tsaya a bakin yashi mu ɗauki hoto, kuɗin in kai su cin abincin dare a saman soro a tsohon gari, inda za su ga rufin gidaje da hasumiyoyi ana kiran magariba.

Tambaya: Anti, maigidana ya yi mini alkawarin zoben tanzanait. A Zanzibar ya fi araha? Kuma ina son manyan katantanwar teku don adon falo.

Amsa: Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Tanzanait shuɗin dutse ne mai daraja, kuma ba a tsibirin ake haƙo shi ba. Wuri ɗaya tak yake fitowa a duniya, tuddan Mererani kusa da Arusha, inda aka gano shi a 1967, don haka kasancewarki a Zanzibar ba ta sa ya yi araha ba. Shuɗin gilashi kuwa ya cika gari. Ku saya a shago mai rajista wanda zai ba ku rasit da takardar shaidar dutsen, mai ɗauke da nauyinsa da darajarsa. Wanda aka ciro daga aljihu a bakin teku, ko kallo kada ki yi. Ki kuma sani dutse ne maras tauri sosai, yana karcewa, bai dace da hannun da ke wanke-wanke kullum ba. Da ni ce, sarƙa ko 'yan kunne zan ce ya saya.

Katantanwa kuwa ki bar wa teku kayansa. Manyan nan da ake tallarsu da ransu ake ciro su, kuma fita da su, da murjani, da ƙoƙon kunkurun teku, da hauren giwa, na iya haɗa ki da kwastan a filin jirgi. In adon da ya fito daga teku kike so, ku je Paje ko Jambiani da safe in ruwa ya janye. Za ki ga mata a tsugune cikin ruwa iya ƙauri suna ɗaura ciyawar teku a igiya, mwani suke ce mata, noman da aka fara a can tun wajen 1989. Da ita suke yin sabulu da man shafawa, a naɗe cikin ganyen ayaba. Guda goma na saya a hannun wata mata da gishiri ya fasa wa tafin hannu, ta ƙara mini ɗaya gyara.